Sule Ɗaya da Sule Tara: Arthur Lewis da Tambayar Ladan Lebura

A shekarun 1880, leburan da ke aiki a gonar shayi ko ta rake a ƙasashe masu zafi yakan tashi da sule ɗaya a yini. A daidai wannan zamani, leburan gini a Ostiraliya, wanda bai iya wata sana'a ba in ban da ɗaukar kaya da kwaɓa ƙasa, yakan koma gida da sule tara. Dukansu gumi suke sayarwa, kuma babu mai cewa na biyun ya fi na farkon shan rana. Wanda ya jera waɗannan alƙaluma gefe da gefe shi ne William Arthur Lewis, baƙar fata ɗan tsibirin Sent Lusiya da ke yankin Karibiyan, wanda ya shafe kusan shekara 50 yana bin sawun tambaya guda: wa ke yanka wa talaka farashin guminsa? Amsar da ya samu ta sha bamban da wadda muka saba ji a bakin shugabannin ƙwadago da 'yan siyasa. Shi a ganinsa, ba a ofishin mai kamfani ake yanke ladan lebura ba. A gonar abincin da leburan ya baro a ƙauye ake yanke shi.

An haifi Lewis ranar 23 ga Janairun 1915 a garin Kastiris. Iyayensa malaman makaranta ne da suka yi ƙaura daga tsibirin Antigwa. Yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya rasu, ya bar uwar da 'ya'ya maza biyar. Yaron yana da kaifin ƙwaƙwalwa, har ya gama duk abin da makarantun tsibirin za su iya koya masa yana ɗan shekara 14, sai ya kama aikin akawu a ma'aikatar gwamnati yana jiran shekarunsa su kai na zana jarrabawar tallafin karatu. A 1932 ya ci jarrabawar. Injiniya ya so zama, amma ya duba ya ga gwamnatin mulkin mallaka ba ta ɗaukar baƙar fata injiniya, kamfanonin Turawa ma haka. Likita da lauya, waɗanda su ne ƙofofin da aka bar wa irinsa a buɗe, ba su kwanta masa ba. Sai ya zaɓi karatun harkokin kasuwanci a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, ya isa can a 1933, kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a lokacin bai san ma mene ne ilimin tattalin arziki ba.

Wannan ƙofar injiniya da aka rufe masa tana da nauyi a labarinsa. Tun kafin ya buɗe littafi ya riga ya sani a jikinsa cewa kasuwar aiki ba fili ba ce da kowa ke shiga gwargwadon basirarsa, akwai masu gadi a bakinta. Ya gama digirin farko a 1937 da sakamako mafi daraja, a 1938 makarantar ta ɗauke shi koyarwa, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe alli a cikinta. Ya kammala digirin digirgir a 1940. Akwai wani ɗan labari mai daɗi daga wannan lokaci: Friedrich Hayek, wanda ke riƙe da sashen, ya umarce shi ya koyar da abin da ya faru a tattalin arzikin duniya tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Lewis ya ce shi bai san abin da ya faru ba. Hayek ya ce ai koyarwar ce hanyar da zai sani. Darasin nan ya zama littafi a 1949, kuma shi ya jefa Lewis cikin son tarihin farashi da albashi da bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yana Landan yankinsu ya kama da wuta. Daga 1935 zuwa 1938 leburori suka yi ta bore a tsibiran da Ingila ke mulka: masu saran rake a Sent Kits, ma'aikatan rijiyoyin mai a Tirinidad a 1937, sannan Jamaika a 1938. An yi harbi, an rasa rayuka. Lewis ya rubuta ɗan littafi a 1939 a kan wannan yunƙuri na ma'aikata. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne cewa masana'antar sukari ba ta ragwanci ba ce. An inganta iri, an kawo injuna, abin da kowace eka ke bayarwa ya ninka har sau uku cikin shekara 75, amma mai saran raken bai daina tafiya ba takalmi ba, bai fita daga bukka ba. To ina ribar ingancin ta tafi?

A 1948, yana ɗan shekara 33, Jami'ar Mancesta ta ba shi kujerar farfesa. A nan ya ci gaba da fama da tambayoyi biyu da suka ƙi warwaruwa. Ta farko, me ya sa ƙarfe ke da tsada, gahawa kuwa take da araha? Ta biyu, me ya sa a farkon shekara 50 na juyin masana'antu a Ingila riba ta yi ta hauhawa amma ladan ma'aikata ya tsaya cak? Littattafan zamaninsa sun ɗauka cewa yawan ma'aikata a ƙasa ƙayyadadde ne, don haka in masana'antu suka yawaita dole su yi rububin ma'aikata, albashi ya tashi. Tarihi kuwa bai nuna haka ba. Ya ba da labari cewa wata rana a watan Agustan 1952, yana tafiya a ƙasa a kan wani titi a birnin Bankok, sai ya gane tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce. A jefar da zaton cewa ma'aikata ƙayyadaddu ne. A ɗauka cewa a bayan kowane lebura akwai dogon layi na masu jiran gurbinsa.

Wannan tunani ya fito a maƙalar da ya buga a watan Mayun 1954 a mujallar Manchester School, kuma da wuya a sami maƙalar da ta fi ta tasiri a fannin nazarin ci gaban ƙasashe. Bari mu bi ta a hankali, domin ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa zama a gidan gandu. A ce gida yana da maza shida da gona wadda huɗu za su iya nomewa. Kowa yana fita, kowa yana cin tuwo daga tukunya ɗaya. In ɗaya ya tafi birni, sauran sun ɗan ƙara ƙwazo, amfanin gona bai ragu ba. Nawa mai masana'anta zai biya wannan da ya tafi? Ba sai ya biya shi darajar abin da hannunsa ke samarwa a masana'antar ba. Abin da kawai yake bukata shi ne ya ba shi abin da ya ɗan ɗara rabonsa na tuwon gida, domin ya biya haya ya kuma jure zaman baƙunta. Lewis ya ƙiyasta wannan ƙari da kimanin kashi 30 cikin 100. In leburan ya ce a ƙara masa, ƙanensa na nan a tasha da jakarsa. Kuma ba manoma kaɗai Lewis ya lissafa cikin masu jiran ba. Ya ambaci 'yan dakon tashar jirgin ruwa, da samarin da ke rugowa su karɓe maka jaka, da 'yan tireda goma da ke sayar da abin da mutum biyu za su iya sayarwa, da barorin gidajen masu hali, da matan da ke cikin gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau ya ga wannan layi da idonsa.

Tunda lada a tsaye yake, duk wani ƙarin amfani da sabuwar na'ura ta kawo aljihun mai jari yake shiga. In mai jarin ya mayar da ribar ya gina wata masana'anta, sai a ɗebi ƙarin mutane daga ƙauye, riba ta ƙaru, a sake ginawa. A haka ne, in ji Lewis, ƙasar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da take samu take komawa mai tanadin kashi 12 zuwa 15. Ana nan ana nan har wata rana layin ya ƙare, mai masana'anta ya leƙa ƙofa bai ga kowa ba. Daga ranar albashi zai fara tashi da gaske. Masana suna kiran wannan gaɓa da sunan Lewis har yau.

Wannan rabin maƙalar shi ne ya shiga littattafan jami'a, kuma shi ne ya yi wa sababbin shugabannin Afirka da Asiya daɗi, domin sun ji kamar ana ce musu su gina masana'antu kawai, ƙauye zai yi ta aiko da hannaye masu araha. Amma akwai ɗaya rabin, wanda a ganinmu ya fi nauyi. In ladan lebura ya rataya ne a kan abin da manomin abinci ke samu, to hanyar ɗaga ladan ita ce a sa gonar abinci ta riƙa ba da amfani mai yawa. Kuma duk mai son lebura mai araha yana da riba a talaucin manomi. Lewis bai ɓoye wannan ba. A cikin maƙalar ya ce masu gonakin Turawa ba su da sha'awar ganin ƙaramin manomi ya sami sabon iri ko sabuwar dabara, ya kuma ce abin da mulkin mallaka ya yi a Afirka shi ne talauta masu noman abinci, ta hanyar ƙwace ƙasa, ko aikin tilas, ko ɗora haraji domin mutane su fita neman kuɗi. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Harajin da dole a biya da kuɗin Bature ya tura kakanninmu ramukan kuza na Jos, kuma tsakanin 1942 da 1944 ma ba a tsaya lallashi ba, ɗibar mutane aka yi da ƙarfin hukuma. Ta nan ya amsa tambayar sukari: komai ingancin gonar rake, amfanin yana tafiya ne ga mai saye a Landan ta hanyar sauƙin farashi, domin mai saran raken ba shi da wata mafita da ta fi gonarsa ta rogo.

Afirka ta Yamma ce ta gwada shi da aiki. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta gayyace shi ya duba yadda za a kafa masana'antu a Gwalkwas, wadda ta zama Gana daga baya, ya miƙa rahoto a 1953. Masu jiran ya ce a kafa manyan injuna sun sha mamaki. Ya ce ƙasar ba irin Indiya ko Jamaika ba ce, ba ta da rarar ma'aikata, hasali ma gonakin koko da ma'adinai sun dogara ne da baƙi daga arewacin ƙasar da maƙwabta. Wannan gaskiya ce da zangunan Kumasi da Akara ke shaidawa, inda Mosawa da Zabarmawa da Hausawa suka yi ta sauka. Don haka abin da ya sa a gaba shi ne inganta noman abinci, sai hanyoyi da ruwa da wuta, masana'antu kuma su biyo baya a hankali. Bayan samun 'yancin kai a watan Maris na 1957 ya dawo a matsayin mai ba Nkrumah shawara kan tattalin arziki. Zaman bai yi daɗi ba. Lewis yana ganin ana zuba kuɗin manoman koko a ayyukan nuna isa da kamfanonin gwamnati da 'yan jam'iyya suka mayar saniyar tatsa. Nkrumah kuma ya nuna masa cewa shi ɗan siyasa ne, dole wani lokaci ya yi kasada da gobe, ba kullum zai bi lissafin masana ba. A ƙarshen 1958 Lewis ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Ba za mu ce duk gaskiya tana wajensa ba, domin madatsar ruwan Akosombo da Nkrumah ya nace a kanta har yau tana ba Gana wuta. Amma a kan manomin koko, lokaci ya goyi bayan Lewis.

Daga nan ya shugabanci Jami'ar Yammacin Indis a Jamaika, Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963, a shekarar kuma ya koma Jami'ar Firinston a Amurka. Tsakanin 1970 da 1973 ya riƙe sabon Bankin Raya Karibiyan.

Suka kuwa ya sha ta. Theodore Schultz na Jami'ar Shikago ya ce batun mutanen da ba su ƙara komai a gona tatsuniya ce. A littafinsa na 1964 ya kawo misalin annobar mura ta 1918 zuwa 1919 a Indiya: inda aka fi mutuwa, ƙasar da aka noma ta ragu, alamar cewa kowane hannu yana da amfani. Manomin Hausa zai iya raba wannan gardama ba tare da ya je Shikago ba. Da damina, lokacin noman farko, babu hannun da ya yi yawa, har gayya ake kira. Da rani kuwa ga majiya ƙarfi nan a gindin bishiya, shi ya sa cin rani ya girmi duk waɗannan littattafai. Rarar ma'aikata a wajenmu aba ce mai zuwa da tafiya tare da ruwan sama. Giovanni Arrighi ya zo ta wata fuska a 1970, ya nuna cewa a Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, Turawa ba su tarar da layin masu neman aiki ba. Da farko manoma baƙaƙe suna sayar da hatsi suna samun rufin asiri, sai da aka ƙwace musu ƙasa mai kyau sannan layin ya samu.

Suka mafi zafi ita ce wadda biranen Afirka suka yi da kansu. Mutane sun baro ƙauye kamar yadda aka zata, amma masana'antun ba su ɗauke su ba. A 1970 John Harris da Michael Todaro, waɗanda suka yi nazari a Kenya, suka bayyana dalili: in albashin birni ya ninka abin da ake samu a gona sau da yawa, saurayi zai zo ya zauna jiran sa'a ko da ya san gurbi ɗaya ne ga mutum da yawa. Shi kuma Keith Hart, wanda ya zauna a unguwar Nima ta Akara, ya nuna cewa masu jiran nan ba zaman banza suke ba, suna tireda, suna gyare-gyare, suna dako, suna buga-buga, kuma daga aikinsa ne duniya ta fara yi wa wannan fage na sana'o'in da ba su cikin rajistar hukuma suna. Lewis bai yi gardama da abin da ido ke gani ba. A rubuce-rubucensa na shekarun 1960 ya yi ta kokawa da ratar da ke tsakanin albashin birni da samun manomi, da tsarin albashin manyan ma'aikata da aka gada daga Turawa, da makarantun da ke yaye yaran da ke ganin fartanya ta yi musu kaɗan. Wanda ya tuna abin da ƙarin albashin Udoji na 1974 ya yi wa ƙauyukan Nijeriya, a daidai lokacin da fari ya gama cinye gonaki, zai gane abin da yake tsoro.

A laccocin da ya gabatar a Firinston a 1977, waɗanda aka buga a 1978, ya koma kan sule ɗaya da sule tara. Ya ce a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an yi manyan ƙaura guda biyu. Kimanin mutum miliyan 50 sun bar Turai zuwa Amurka da Kanada da Ajantina da Ostiraliya. Kimanin wannan adadi kuma sun bar Indiya da Sin zuwa gonaki da ma'adinan ƙasashe masu zafi. Bature ba zai hau jirgi ba sai an yi masa alkawarin abin da ya fi na gida, kuma a gida, wajen 1900, ekar alkama a Ingila tana ba da laba 1,600, wato buhu bakwai da ɗoriya. Ba'indiye kuwa ya baro gonar da eka ke ba da laba 700, buhu uku da 'yan kai, ga shi kuma kowane manomi a Turai yana noma eka da yawa saboda kayan aiki. Kowane ayari ya tafi da farashinsa a goshi. Sannan aka gina katanga tsakanin kasuwannin biyu: Amurka ta hana 'yan Sin shiga da dokar 1882, Ostiraliya ta kafa dokar fifita farar fata a 1901, kuma ma'aikatan Turawa ne kan gaba wajen neman hakan, domin sun san abin da zai sami albashinsu in aka buɗe ƙofa.

A nan ne ya kawo misalin da ya shafe mu kai tsaye. Ya ce manomin gyaɗa a Nijeriya zai iya kula da gonarsa da ƙwazo da gwaninta daidai da yadda makiyayin Ostiraliya ke kula da tumakinsa, amma abin da zai shigo hannunsu ba ɗaya ba ne, domin farashin gyaɗa an gina shi a kan rayuwar laba 700, na ulu kuwa a kan ta laba 1,600. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta fara tafiya teku, dalar gyaɗa ta tashi har ta zama abin ɗauka a hoto. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun yi arziki, hukumar sayen amfanin gona ta tara rarar da aka yi ayyuka da ita. Manomin da ya cika buhunan fa? Muddin gero da dawar da ke gefen gyaɗarsa ba su ƙara auki ba, babu dalilin da zai sa ɗan kasuwar Libaful ya biya shi fiye da abin da zai hana shi komawa noman geron. Shi ya sa Lewis bai ɗauki rokon ƙasashe masu arziki su ƙara farashi a matsayin magani mai ɗorewa ba, bai kuma yarda sauya gyaɗa da masaƙa kaɗai zai wadatar ba. Ƙasar da manoman abincinta ke cikin talauci, in ta koma sayar da yadi, yadin ma da arahar gumi za ta sayar.

Inda zancensa ya fi fitowa fili shi ne ƙasar Sin, wadda bai yi wa aiki ba. Gyaran da aka fara a 1978 daga gona ya soma, aka bar iyalai su noma su sayar, amfanin gona ya tashi. Sannan miliyoyin mutane suka kwarara zuwa masana'antun bakin teku, lada ya daɗe bai motsa sosai ba, riba ta yi ta komawa gini. Wajen 2004 masu masana'antu a lardin Gwandon suka fara kukan ƙarancin ma'aikata, albashi ya kama hawa, masanan ƙasar suka shiga muhawara a kan ko an iso gaɓar Lewis. A Nijeriya kuwa an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, bayan doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin ƙwadago, amma dokar ba ta isa wajen mai tura baro ko yaron shago ko mai aikin ƙodago a gonar wani, waɗanda su ne mafi yawa. Nasu ladan har yanzu tsawon layin da ke bayansu ne ke yanke shi.

A 1979 aka ba Lewis kyautar Nobel ta tattalin arziki, kuma aka raba ta tsakaninsa da Theodore Schultz, mutumin da ya fi kowa sukar batun rarar ma'aikata. Masu ba da kyautar sun lura da abin da ya haɗa su: dukansu sun ɗauki ƙaramin manomi da muhimmanci a zamanin da ake yi masa kallon abin da za a wuce. Lewis ya rasu a Babados ranar 15 ga Yunin 1991, aka kai shi gida Sent Lusiya aka binne a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa. Hotonsa yana kan takardar dala 100 ta ƙasashen Gabashin Karibiyan.